Yadda Ake Ɗaura Sabon Rediyo A Mota Ba Tare Da An Kashe Batir Ko An Ƙona Waya Ba

A ɗauki misalin direban Golf da ke jigilar fasinja tsakanin Lakwaya, Getso da Gwarzo. Ya sayo sabon rediyo mai Bluetooth da ramin filash, ya zauna a inuwa bayan la'asar ya haɗa da kansa, ya kunna, sauti ya fito tsaf. Sati guda yana ta aiki lafiya. Sai motar ta kwana biyu a ajiye, ranar da zai fita da asuba ya murɗa makulli ya ji ƙas-ƙas, batir ya mutu. Ya tara yaran unguwa suka tura, lodin farko ya wuce shi, kuma daga ranar ya fara zargin batir, ya fara lissafin kuɗin sabo. Batirin nan lafiyarsa ƙalau. Wayoyi biyu ne aka haɗa ba daidai ba a bayan rediyo.

Ɗaura rediyon mota ba aiki ne mai wuya ba. Wanda ya taɓa canja soket a ɗakinsa zai iya. Amma daga Gwarzo zuwa birnin Kano tafiya ce ta kimanin kilomita 70, kuma mutumin Lakwaya ko Kabo da ya ƙona sabon rediyo ba zai koma kasuwa a ranar ya canjo ba. Saboda haka wannan darasi ya fi tsayawa a kan wayoyin wuta guda uku, domin a nan ake yin ɓarnar. Sauran aikin bin tsari ne kawai.

Kafin a fitar da kuɗi

Ramin rediyo a gaban mota yana da ma'auni. Jamusawa ne suka fara tsara shi, shi ya sa ake kiransa DIN, daga baya a 1984 ya zama ma'aunin duniya mai lamba ISO 7736. Ƙaramin rami faɗinsa milimita 180 ne, tsayinsa 50. Babban rami faɗinsu ɗaya, amma tsayinsa 100, shi ne wanda rediyo mai allon taɓawa yake shiga. Golf 3 da sauran motocin Turai na shekarun 1990 ƙaramin rami gare su. Akwai kuma motocin da rediyonsu ba shi da wannan siffa sam. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda 'yan kasuwar mota ke yi wa laƙabi da EOD, rediyonta haɗe yake da maɓallan iyakwandishan a allo ɗaya. Wanda ya fizge shi ya jefar ya rasa sanyi. Irin wannan mota sai da firam na musamman da aka yi dominta. Abin da ya fi sauƙi shi ne mai mota ya ɗauki hoton gaban motarsa, ya zaro tsohon rediyon ya ɗauki hoton soket ɗin da ke bayansa, ya tafi da hotunan kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce ko Sabon Gari.

Abu na biyu shi ne zangon tashoshi, kuma mutane da yawa ba sa tambaya. A cikin kayan gwanjo akan samu rediyon da aka yi don kasuwar Japan. Zangon FM na Japan yana farawa daga 76 ya tsaya a 90, sababbin ne suka kai 95. Irin wannan rediyo zai kama Dala FM a 88.5 da Rediyon Kano a 89.3, amma ba zai taɓa kaiwa Rahama a 97.3 ko Freedom a 99.5 ba, ko da an kafa masa eriya mai tsawon gora. Wanda aka yi don Amurka kuma matsalarsa a AM take: yana tsallake tashoshi goma-goma, alhali a Afirka da Turai tara-tara ake jerawa. Rediyon Kano a 729 da Rediyon Tarayya Kaduna a 594 duk a kan lissafin tara suke, don haka na Amurka zai tsaya kusa da su, ba a kansu ba. Wasu rediyoyin suna da wurin sauya yanki a cikin saiti, wasu babu. A sa mai shago ya jona shi a batir, a latsa har a ga ya wuce 100 kafin a biya.

Masu manyan motocin ɗaukar hatsi su lura da wani abu daban: da yawansu wutarsu volt 24 ce, rediyon mota kuwa na volt 12 ne. Idan aka jona kai tsaye, hayaƙi ne zai biyo baya. Sai an sa na'urar rage wuta a tsakani.

Kayan aikin ba su da yawa: sukudireba, filaya, sifana mai lamba 10, reza ko wuƙar fere waya, da mita ta auna wuta, wato maltimita. Mitar nan ita ce ba a yin aikin sai da ita. Kwan gwaji yana nuna akwai wuta ko babu, amma mita ce ke faɗin ko nawa ce, kuma za a sake buƙatarta a ƙarshen aiki. Idan an samu soket ɗin tsakani, wanda gefe ɗaya ke shiga soket ɗin mota ɗaya gefen kuma na rediyo, a saya. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma yana hana a yanke wayar mota ko guda.

Ja, rawaya da baƙa

Rediyon mota yana shan wuta ta hanya biyu. Wayar rawaya ita ce ke zuwa daga batir kai tsaye ta cikin fiyus, kuma tana da wuta dare da rana ko an zare makulli. Ita ce ke ɗauke da nauyin sauti, ita ce kuma ke riƙe agogo da tashoshin da aka ajiye. Wayar ja ba ta ɗaukar wani nauyi. Aikinta saƙo ne: idan an murɗa makulli wuta ta shigo ta, sai rediyo ya gane lokacin tashi ya yi, idan an kashe mota wutar ta ɗauke, sai ya kwanta. Baƙa ita ce nagetif, tana komawa jikin ƙarfen mota.

Da wannan bayani kaɗai ana iya gano kusan kowace matsala daga alamarta. Idan kullum aka tada mota sai an sake saita agogo, tashoshi sun goge, Bluetooth ya manta wayar mai shi, to an juya ja da rawaya: rawaya ta koma kan wutar makulli. Idan kuma an zare makulli rediyo ya ci gaba da waƙa, ja ce ta hau wutar dindindin. Wannan na biyun shi ne abin da ya sami direban Lakwaya. Sau da yawa ma da gangan ake yi: mutum ya nemi wayar makulli ya rasa, sai ya murɗe ja da rawaya wuri ɗaya ya ɗora a kan wutar batir, ya ce ai zai riƙa kashewa da hannu. Matsalar ita ce maɓallin gaban rediyo ba ya yanke wuta gaba ɗaya. Allo ne yake dushewa, amma cikinsa a farke yake.

Ga lissafin. A ce batirin motar mai 60Ah ne, a ce rediyon da aka kashe da hannu yana jan amfiya 0.3. A awa 24 ya sha sama da 7Ah. Kwana huɗu a ajiye, kusan rabin batirin ya tafi. Wannan ga sabon batir ke nan. Batirin da ya shekara biyu yana shan zafin watan Afrilu ba ya riƙe abin da aka rubuta a jikinsa, don haka kwana ɗaya ko biyu ya ishe shi. Kuma batirin mota ba a yi shi don a zuƙe shi ƙarƙaf a sake cikawa ba. Duk mutuwar da ya yi tana rage masa kwana. Mai mota zai ga kamar batir ne marar kyau, ya sayi wani, shi ma sabon ya bi sahu.

To me ya sa ba za a haɗa kala da kala kawai a huta ba? Domin kalolin da aka ambata na rediyo ne, ba na mota ba. Kowane kamfanin mota da nasa tsarin. Motocin Jamus su ne suka fi yaudara, kuma su ne suka cika tashoshin yammacin Kano. A tsarin Volkswagen, wayar nagetif ruwan ƙasa ce. Ja ita ce wutar batir ta dindindin. Baƙa kuwa wuta ce da ke zuwa idan an kunna makulli. Wanda ya ɗora jar rediyo a kan jar mota ya kashe batirinsa. Wanda ya ɗora baƙar rediyo a kan baƙar mota ya haɗa wuta da nagetif, kuma idan ya yi sa'a fiyus ne kawai zai tsinke.

Ko da soket bai yanke ba akwai tarko. Motocin Turai suna amfani da soket mai lamba ISO 10487, mai gida biyu: ɗaya na wuta, ɗaya na sifiku. A gidan wuta, yawancin rediyoyi suna sa ran wutar dindindin a rami na 4, wutar makulli a rami na 7, nagetif a rami na 8. Amma Volkswagen, Audi da Opel da yawa sun juya 4 da 7. Wannan ne dalilin da ya sa a wayoyin Pioneer, Kenwood da Sony ake ganin ja da rawaya suna da ɗan mahaɗi a tsakiya da ake iya zarewa. Ba ado ba ne. An yi shi ne don a zare a musanya su idan motar ta juya.

Maganin duk wannan shi ne aunawa. A sa mita a kan volt 20 na wutar batir, a dafa baƙin tsinke a kan ƙarfen mota marar fenti, a riƙa taɓa ramukan soket da jan tsinke ɗaya bayan ɗaya, makulli yana aljihu. Ramin da ya nuna 12 da ɗoriya shi ne gidan rawaya. A sa makulli a murɗa, a sake zagayawa. Ramin da ɗazu babu komai yanzu ya nuna 12 shi ne gidan ja. A kashe a tabbatar ya koma sifili. A Golf wutar nan takan ɗauke ne sai an zare makullin gaba ɗaya, don haka a zare. Akwai waya ta uku da ke ruɗa mutane: wadda ke kawo wuta idan an kunna ƙananan fitilu. Ita ce ta dusashe hasken allo da dare, kuma a rediyo kalarta ruwan lemo. Wanda ya ɗauke ta a matsayin wutar makulli zai samu rediyon da ba ya tashi sai an kunna fitila. A yi gwajin fitilu a kashe, sannan a kunna a ga wace ce ta amsa. Kowace aka gano a manna mata takarda a rubuta.

Yawancin Golf ɗin haya sun riga sun bi hannun masu wayarin uku ko huɗu, soket ya daɗe da tafiya, sai wayoyi tsirara a dunƙule. Hanyar dai ita ce wannan, sai dai a yi a hankali kada waya ta taɓa 'yar'uwarta yayin awo. Idan an nemi wutar makulli an rasa, a gwada wayar ramin kunna sigari, inda ake caja waya. Idan mita ta nuna tana ɗaukewa da makulli, a ja layi daga can. Idan ita ma ta dindindin ce, a ɗauko daga akwatin fiyus, ko kuma a sa ɗan maɓalli a kan jar waya wanda za a riƙa kashewa. Motocin da suka biyo baya, irin su Golf 5, ba su da wayar makulli a soket ɗin rediyo ko kaɗan. Umarnin tashi yana zuwa ne a matsayin saƙon kwamfuta ta layin CAN, tsarin da kamfanin Bosch ya fitar a 1986. Waɗannan sai da ɗan akwatin da ke fassara saƙon ya mai da shi wuta.

Bayan an gama awo, kafin a fere waya ko guda, a kwance kan batir na nagetif da sifana a kawar da shi gefe. Duk wayar da aka gani a cikin rigar roba rawaya mai soket rawaya a ƙarƙashin sitiyari ko bayan dashbod ta jakar iska ce ta kariya daga haɗari. Ba a auna ta, ba a taɓa ta.

Sifiku da eriya

Wayoyin sifika takwas ne, biyu-biyu. Fari na gaba hagu, ruwan toka na gaba dama, kore na baya hagu, shunayya na baya dama. A kowace biyu, mai baƙin layi ita ce nagetif. Idan an rasa gane wace wayar mota ce ke zuwa wace ƙofa, ƙaramin batirin tocila mai volt 1.5 ya isa: a taɓa wayoyi biyu a kansa na ɗan lokaci, sifikar da suke zuwa za ta yi ɗan ƙara. Idan ana ganin fatar sifikar kuma ta turo waje, wayar da ke kan fozitif ɗin batirin ita ce fozitif. Juya su ba ya ƙona komai, amma sifika ɗaya za ta riƙa turawa ɗaya na ja, sai ganga ta ɓace, sauti ya zama siriri.

Abin da ke ƙonawa shi ne a ɗora nagetif ɗin sifika a jikin mota, ko a haɗe nagetif ɗin sifiku biyu wuri ɗaya. Tsofaffin tef sun yarda da haka. Rediyon zamani kuwa duka wayoyin biyu suna ɗauke da wuta, kuma taɓa ƙarfe yana iya kashe guntun da ke ƙara sauti. Haka nan jera sifiku biyu a kan layi ɗaya, kamar yadda wasu ke yi don cika but da sauti. Biyu masu ohm 4 idan aka haɗa su kai da kai sun koma 2, kuma yawancin ƙananan rediyoyi ba sa jurewa. Lambar 4x50W da ake bugawa a kwali ma kada ta ruɗi kowa: wannan ƙololuwar ɗan lokaci ce. Ƙarfin da rediyo ke iya riƙewa ba tare da sauti ya fashe ba yana tsakanin watt 15 zuwa 22 a kowace sifika.

Wayar shuɗi, ko shuɗi mai farin layi, tana fitar da wuta ne idan rediyo ya tashi. A cikin birni mutum zai iya mantawa da ita bai ga bambanci ba, saboda tashoshi na kusa. A Lakwaya abin ba haka yake ba. Wasu motocin Volkswagen, musamman masu gajeriyar eriya a bayan rufi, suna da ɗan amfilifaya a gindin eriyar, kuma tsohon rediyon kamfani ne ke tura masa wuta ta cikin wayar eriyar kanta. Sabon rediyo ba ya yin haka. Sakamakon shi ne mutum zai ji tasha garau a Kabuga, ta fara shashshaƙa bayan Rimin Gado, kafin ya kai Gwarzo sai huci. Akwai ɗan mahaɗin eriya mai jelar shuɗiyar waya da aka yi don wannan; a jona jelar da shuɗin rediyo. Idan ba a yi amfani da shuɗin ba, a rufe bakinsa, domin wuta ce.

Haɗin waya kuma shi ne inda hanya ke gwada aikin mutum. Murɗa waya biyu a naɗe da baƙin salatif yana aiki ranar farko. Amma motar da aka ajiye a rana cikin bazara gabanta yana yin zafin da ke narkar da gam ɗin salatif, ƙurar hunturu ta shiga, gargadar hanyar ƙauye ta girgiza, sai wayar rawaya ta fito tsirara ta kwanta a kan ƙarfe. Ita kuwa tana da wuta ko mota a kashe take, ko mai ita yana barci. Ya fi a like da dalma, ko a matse da mahaɗin da ake dannewa da filaya, sannan a rufe da robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi. Inda babu wutar lantarki, ana iya haɗa wayoyin rediyo da soket ɗin tsakani a teburin mai gyaran waya ko rediyo, a kawo a cusa kawai. Fiyus ɗin bayan rediyo, wanda yawanci mai lamba 10 ne, idan ya tsinke akwai dalili. A nemo dalilin. Maye gurbinsa da zaren waya ko takardar kwalin sigari yana nufin a gaba waya ce za ta narke a madadinsa.

Masu allon Android

Waɗannan su ne ake yayi yanzu, kuma haɗin wutarsu ɗaya ne da na sauran, sai dai sun fi jan wuta idan an bar su a farke, don haka kuskuren ja da rawaya ya fi saurin nunawa a kansu. Masu arha a cikinsu suna yawan yin ƙarya a shafin bayanai: a rubuta sabuwar Android da RAM mai yawa alhali tsohuwa ce. Lambar da ta fi wahalar ɓoyewa ita ce matakin API, wadda manhajoji irin su AIDA64 ke nunawa. Android 8.1 matakinta 27 ne, Android 9 kuma 28, Android 10 kuma 29. Allon da ke iƙirarin Android 12 amma matakinsa 27, an san abin da ke ciki. Suna kuma zuwa da waya mai rubutun birki, wadda ke hana bidiyo tashi sai an ja birkin hannu. Masu ɗaurawa da yawa suna manna ta a jikin mota don fim ya riƙa tafiya kullum. A hanyar da babura, amalanke da garken shanu ke tsallakawa ba sanarwa, wannan ba dabara ba ce. A kai ta inda aka yi ta domin shi.

Gwaji kafin a rufe

Kada a tura rediyo cikin rami tukuna. A mayar da kan batir, rediyon yana ajiye a kan kujera ko yana rataye. A murɗa makulli ya tashi, a ajiye tasha ɗaya, a saita agogo. A karkata sauti hagu, dama, gaba, baya, a ji kowace sifika tana amsawa daga inda ya kamata. A zare makulli: dole rediyo ya mutu da kansa. A jira minti ɗaya a sake kunnawa: dole tashar da agogon suna nan. A tada inji a taka totur. Idan an ji wani siririn kuka da ke hawa da sauka tare da inji, nagetif ne bai kama da kyau ba. A kankare fenti a ɗaure baƙar waya da noti a kan ƙarfe mai tsabta.

Sannan a shigar da kejin ƙarfen da ya zo da rediyo cikin rami, a lanƙwasa 'yan haƙoransa su kama, a tattara wayoyi a ɗaure su yadda ba za su danne ba, a tura rediyo har ya yi ƙas. A motocin da ake ɗaure shi da ƙarafan gefe, kamar Toyota, a yi amfani da gajerun sukurorin da suka zo a kwali, domin dogo yana iya hudawa har allon ciki.

Gwajin ƙarshe shi ne wanda da direban Lakwaya ya yi da bai tara masu turi ba. A kashe komai, a zare makulli, a rufe ƙofofi don fitilar ciki ta mutu. A mai da jan tsinken mita ramin 10A, a juya ta kan awon amfiya. A kwance kan batir na nagetif, a sa mita a tsakani, tsinke ɗaya a kan batir, ɗaya a kan wayar da aka kwance. Kada a kuskura a tada mota a wannan hali, mitar za ta ƙone. A jira 'yan mintoci, domin motoci masu kwamfuta ba sa kwanciya nan take. Idan lambar ta sauka ƙasa da 0.05, lafiya lau. Idan ta tsaya a 0.2 ko sama, a zare soket ɗin rediyo a duba. Idan lambar ta faɗi da zarewar, a koma kan jar waya a sake auna ramin da aka sa ta, makulli yana aljihu.